FASHIN BAƘI: Biranen Sifaniya da bakin tekunta da duniya ke rububin gani, da dalilin da ya sa masu gida suka fara cewa ya isa

A shekarar 2024, baƙi masu yawon buɗe ido kusan miliyan 94 ne suka shiga Sifaniya, ƙasar da al'ummarta ba su wuce miliyan 49 ba. Kusan baƙo biyu ke nan a kan kowane mazaunin ƙasar. Sun kashe kimanin yuro biliyan 126, kuma in ban da Faransa, babu ƙasar da ta fi ta karɓar baƙi a duniya. A cikin wannan shekarar ce kuma, ranar 6 ga Yuli, masu zanga-zanga a birnin Barcelona suka riƙa fesa wa baƙin da ke cin abinci a bakin titi ruwa da bindigogin wasan yara, suna ce musu su koma gida.

Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya. Wuraren da baƙi suka fi ƙauna, wato Barcelona da Madrid da tsoffin biranen Andalus da gaɓar Malaga da tsibiran Baleares da na Kanari, su ne wuraren da kuɗin haya ya fi gagarar 'yan gari. Wanda ke son fahimtar abin da ke jan mutane zuwa waɗannan wurare, dole ya fahimci kuma wanda ke cin ribar zuwan nasu da wanda ke ɗaukar nauyinsa.

Yadda rana da rairayi suka zama jari

Har zuwa shekarun 1950, Sifaniya ƙasa ce matalauciya wadda yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya daidaita, tana ƙarƙashin mulkin kama-karya na Janar Francisco Franco, sauran ƙasashen Turai kuma sun juya mata baya. A 1959 gwamnatin ta buɗe ƙofar tattalin arzikinta saboda tsananin buƙatar kuɗin waje. A daidai lokacin ne ma'aikatan Birtaniya da Jamus da Faransa suka fara samun hutun shekara mai albashi da tikitin jirgin sama mai rahusa. Sifaniya tana da rana, tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 8,000, ga ƙwadago mai arha. Baƙin da suke kimanin miliyan 6 a 1960 sun haura miliyan 30 a 1973.

Garin Benidorm da ke lardin Alicante shi ne madubin wannan sauyi. Ƙauyen masunta ne lokacin da Pedro Zaragoza ya zama magajin garinsa a 1950. Ya amince mata baƙi su yi wanka a teku da tufafin da limaman Katolika na lokacin suka yi tir da su, sannan ya fito da tsarin gari na 1956 wanda, tare da gyare-gyaren da suka biyo baya, ya ba da damar gina dogayen benaye daf da ruwa. Yau mazauna Benidorm ba su fi dubu saba'in da 'yan kai ba, amma a watan Agusta yawan mutanen cikinsa kan ninka sau da dama a gaɓoɓinsa biyu, Levante da Poniente.

Franco ya mutu a 1975, ƙasar ta koma dimokuraɗiyya, amma tsarin da ya bari na sayar da rana da rairayi ga mutanen arewacin Turai bai gushe ba. Har yanzu 'yan Birtaniya ne kan gaba, kimanin miliyan 18 a 2024, sai Faransawa da Jamusawa.

Barcelona: birnin da ya ƙera wa kansa bakin teku

Matasan Kano da Zinder da Kumasi da dama sun san Barcelona ta hanyar ƙwallon ƙafa da filin Camp Nou. Baƙon da ya isa can yakan tarar da birni mai mutum kimanin miliyan 1.7, babban birnin yankin Kataloniya, mai harshensa da majalisarsa, wanda ya yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa daga Sifaniya ranar 1 ga Oktoban 2017, ƙuri'ar da kotun tsarin mulki ta haramta.

Abin da ya fi jan ido shi ne gine-ginen Antoni Gaudi. An aza harsashin majami'ar Sagrada Familia a 1882, Gaudi ya karɓi aikin shekara guda bayan haka, ya mutu a 1926 bai kammala ba, kuma da kuɗin tikitin masu ziyara fiye da miliyan 4 a shekara ake ci gaba da ginin. Akwai lambun Park Guell a kan tudu, da titin La Rambla mai gangarawa zuwa tashar jiragen ruwa, da tsohuwar kasuwar Boqueria a gefensa.

Rairayin Barceloneta da baƙi ke kwanciya a kai kuwa sabon abu ne. Kafin gasar Olympics ta 1992, masana'antu da layin dogo ne suka tare tsakanin birnin da ruwa. Saboda gasar aka rushe su, aka kwaso yashi daga wasu wurare aka zuba, aka samar da bakin teku mai tsawon kusan kilomita 5. Gasar ta tallata birnin ga duniya, duniya kuma ta amsa gayyata fiye da yadda aka zata. Tashar jiragen ruwan yawon shaƙatawa ta birnin kaɗai tana karɓar fasinja fiye da miliyan 3 a shekara, da yawansu kuma wuni ɗaya suke yi su wuce.

Matsalar ta ta'azzara da zuwan manhajoji irin su Airbnb. Mai gida ya gano cewa abin da baƙo zai biya a mako guda kan kai abin da ɗan haya ke biya a wata, sai ya sallami ɗan hayar. Ba mamaki da a 2015 mutanen birnin suka zaɓi Ada Colau, wadda ta yi suna a fafutukar hana korar mutane daga gidajensu, a matsayin magajiyar gari. Wanda ya gaje ta, Jaume Collboni, ya ce kuɗin haya ya ƙaru da kashi 68 cikin 100 a shekara goma, kuma a watan Yunin 2024 ya sanar cewa zuwa Nuwamban 2028 za a soke lasisin gidaje 10,101 da ake bai wa baƙi haya ta 'yan kwanaki.

Madrid: babu teku, amma akwai dandali

Tafiyar kimanin sa'a biyu da rabi ce a jirgin ƙasa mai tsananin gudu daga Barcelona zuwa Madrid. Birnin yana tsakiyar ƙasar, nesa da kowace gaɓa. Asalinsa sansanin tsaro ne da sarkin Cordoba, Muhammad na ɗaya, ya gina a ƙarni na 9 da sunan Majriɗ, kuma sai a 1561 Sarki Felipe na biyu ya mayar da shi mazaunin fadarsa.

Gidajen adana zane-zane ne ƙarfin Madrid. Gidan Prado, wanda aka buɗe a 1819, yana ɗauke da ayyukan Velazquez da Goya. A gidan Reina Sofia kuwa ake ajiye zanen Guernica, wanda Pablo Picasso ya yi bayan jiragen yaƙin Jamus da Italiya masu mara wa Franco baya sun yi luguden bama-bamai a kan garin Guernica ranar 26 ga Afrilun 1937. Picasso ya hana a kai zanen Sifaniya muddin babu 'yanci a cikinta, sai a 1981 ya isa ƙasar. Masu sha'awar ƙwallo kuma filin Santiago Bernabeu na Real Madrid suke nufa.

Ga mai bibiyar siyasa, dandalin Puerta del Sol ya fi kowane gini tarihi na kusa. A nan ne ranar 15 ga Mayun 2011 matasan da rashin aikin yi da tsuke bakin aljihun gwamnati suka fusata suka fara zaman dirshan, suka kafa tantuna na makonni. Daga wannan yunƙuri jam'iyyar Podemos ta samo asali a 2014, aka kuma karya babakeren da manyan jam'iyyu biyu suka yi tun bayan Franco. A Oktoban 2024 dubban matasa sun sake cika titunan birnin, a wannan karon saboda tsadar haya.

Andalus: biranen da littattafansu suka riga mu zuwa gida

A kudancin ƙasar ne mai karatun Hausa zai ji sunayen da ya saba da su tun a zauren malam. Musulmi sun shiga yankin a 711 ƙarƙashin Ɗariƙ bin Ziyad, kuma mulkinsu bai ƙare ba sai ranar 2 ga Janairun 1492, lokacin da Granada ta miƙa wuya. Cordoba ita ce Ƙurɗuba, garin mai tafsirin Ƙurɗubi, da Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid, da Alfazazi mai Ishiriniya. Granada ita ce Garnaɗa, inda Ibn Asim mai Tuhfatul Hukkam ya yi alƙalanci, littafin da har gobe alƙalan kotunan shari'a a Arewa ke kafa hujja da shi. Alƙali Iyal mai Ashafa shi ma ya taɓa alƙalanci a can. Daga Garnaɗa kuma Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Timbuktu.

Babban masallacin Cordoba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, yana da ginshiƙai fiye da 800 masu ɗauke da bakuna ja da fari. Ya koma majami'a a 1236, kuma a ƙarni na 16 aka gina coci a tsakiyarsa. Ba a yarda Musulmi su yi salla a ciki ba. A 2006 cocin Katolika ya yi rajistar ginin da sunansa, kuɗin rajistar yuro 30, abin da ya jawo taƙaddamar da ba ta mutu ba kan ko ginin na coci ne ko na al'umma baki ɗaya.

A Granada, fadar Alhambra ta sarakunan Banu Nasr tana kan tudu, dutsen Sierra Nevada mai dusar ƙanƙara na bayanta, bangayenta cike da rubutun Larabci. Fiye da mutum miliyan biyu da rabi ke ziyartarta a shekara, don haka an ƙayyade tikiti, an ɗaure kowane da sunan mai shi da sa'ar shigarsa. A unguwar Albaicin da ke fuskantarta aka buɗe sabon masallaci a 2003.

Sevilla, wato Ishbiliya, tana da hasumiyar Giralda da aka kammala a 1198 domin kiran salla, yau kuma ƙararrawar coci ke samanta. Daga 1503 zuwa 1717 ta wannan birni ake tafiyar da duk cinikin Sifaniya da nahiyar Amurka, kuma a ƙarni na 16 yana cikin biranen Turai mafiya yawan bayi 'yan Afirka.

Tarihin da ake sayar wa baƙi yana da ɓangaren da siyasa ba ta warware ba. An kori Yahudawa a 1492, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga zuriyar Musulmin da aka tilasta wa karɓar Kiristanci. A 2015 majalisar Sifaniya ta yi dokar bai wa jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa. Ba a yi irinta ga jikokin Musulmin ba, waɗanda yawancinsu ke Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Malaga da gaɓar rana: na wa ne bakin teku?

Daga Granada in aka gangara kudu maso yamma sai Malaga, mahaifar Picasso, kuma ƙofar gaɓar da ake kira Costa del Sol, ma'ana gaɓar rana. Filin jirgin samanta yana karɓar fasinja fiye da miliyan 20 a shekara. A bakin ruwa ana gasa kifin sadin a jikin tsinke gefen garwashi kamar yadda ake yin tsire, sama da birnin kuma ga ganuwar Alcazaba ta ƙarni na 11. Yamma da nan akwai Torremolinos ta masu matsakaicin ƙarfi, da Marbella ta attajirai, inda marigayi Sarki Fahd na Saudiyya ya gina fada, aka kuma buɗe masallaci a 1981.

Akwai abin da ya kamata a sani game da kowane bakin teku a Sifaniya: mallakar al'umma ne. Sashe na 132 na kundin tsarin mulkin 1978 ya faɗi haka, dokar gaɓar teku ta 1988 kuma ta tabbatar da shi, ta hana sabon gini cikin mita 100 daga ruwa a wuraren da ba a riga an raya ba. Otal mai tauraro biyar ba shi da ikon katange rairayin da ke gabansa, kuma talaka da attajiri kyauta suke shiga. Fiye da gaɓoɓi 600 na ƙasar ne ke da shuɗiyar tutar da ake bayarwa saboda tsabtar ruwa da tsaro, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Sai dai rubuta doka daban, aiwatar da ita daban. A lardin Almeria, cikin gandun da aka keɓe na Cabo de Gata, an gina otal ɗin El Algarrobico mai ɗaki 411 'yan mitoci daga ruwa. Kotu ta dakatar da aikin a 2006, an yi ta shari'a, kuma har zuwa 2025 ginin yana nan tsaye babu kowa a ciki.

Mutanen Malaga sun fito zanga-zanga ranar 29 ga Yunin 2024, suna cewa birninsu wurin rayuwa suke so ya zama, ba wurin neman tsira da ƙyar ba. Bayan haka hukumar birnin ta dakatar da ba da sabon lasisin gidan baƙi a unguwanni 43.

Tsibiran Baleares: inda ma'aikaci ke kwana a mota

Gabas da Valencia, a cikin Bahar Rum, akwai tsibirai huɗu: Mallorca, Menorca, Ibiza da Formentera. Ruwansu garai-garai ne, albarkacin wata ciyawar ƙarƙashin teku mai suna posidonia da ke tace shi. Mallorca tana da birnin Palma da duwatsun Tramuntana da ƙananan lungunan ruwa a tsakanin ƙosassun duwatsu. Menorca ta fi shiru. Ibiza kuwa da gidajen rawa na dare ta yi suna.

Mazauna tsibiran kimanin miliyan 1.2 ne, baƙin ƙasashen waje da suka zo a 2024 kuma sun haura miliyan 15. Hausawa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A Ibiza, masu aikin otal da gidajen abinci da dama a motoci da tantuna suke kwana saboda albashinsu bai kai kuɗin ɗaki ba, kuma hukumomi na shan wahalar samun 'yan sanda da ma'aikatan jinya da za su yarda a tura su can. A Yunin 2024 ɗaruruwan 'yan Mallorca suka yi sammako suka cika ɗan ƙaramin bakin tekun Calo des Moro, wanda hotunan Instagram suka sa ya gagari 'yan gari, domin su nuna cewa su ma suna da haƙƙi a kansa.

Hukumomin tsibiran sun gwada magunguna. Tun 2016 baƙi ke biyan haraji a kan kowane dare da suka kwana. A 2018 Palma ta haramta bai wa 'yan yawon buɗe ido hayar ɗakunan da ke cikin benayen zama, a 2022 kuma aka ƙayyade manyan jiragen ruwan shaƙatawa zuwa uku a rana. Duk da haka adadin baƙi bai daina hawa ba.

Tsibiran Kanari: jirage iri biyu, gaɓa ɗaya

Tsibiran Kanari na Sifaniya ne a siyasance, amma a taswira suna gefen Afirka, kimanin kilomita 100 daga gaɓar Maroko a wuri mafi kusa. Lokacin da arewacin Turai ke cikin sanyin hunturu, zafinsu bai cika sauka ƙasa da digiri 20 da rana ba, don haka ba su da lokacin rashin baƙi. Tenerife tana da dutsen Teide, mafi tsawo a duk Sifaniya, sama da mita 3,700. Gran Canaria tana da tuddan yashi na Maspalomas da rairayin Las Canteras a tsakiyar birnin Las Palmas. Lanzarote ƙasar aman wuta ce baƙa ƙirin, Fuerteventura kuma ta masu wasan igiyar ruwa ce.

Mutum miliyan 2.2 ke zaune a tsibiran, sun karɓi baƙi fiye da miliyan 15 a 2024, kuma yawon buɗe ido ne ke samar da kimanin kashi 35 cikin 100 na arzikinsu. Duk da haka albashinsu yana cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku yana bakin talauci. Ranar 20 ga Afrilun 2024, dubun-dubatar mutane suka fito a duk tsibiran da take guda: Kanari tana da iyaka.

Akwai wasu masu isowa ta ruwa waɗanda ba a tallata wa tsibiran ba. A 2023 mutum 39,910 suka sauka a kwale-kwale daga Afirka ta Yamma, a 2024 kuma 46,843, mafi yawa a tarihi. Daga Muritaniya da Senegal da Gambiya suke tasowa, 'yan Mali da yaƙi ya kora na da yawa a cikinsu, tafiyar kuma kan kai kilomita 1,500 a tekun Atlantika. Da dama sukan sauka a El Hierro, tsibirin da mutanensa ba su wuce dubu 11 ba sosai. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa mutum 9,757 ne suka mutu ko suka ɓace a wannan hanya a 2024 kaɗai. A Nuwamban 2022 an ceto wasu 'yan Najeriya uku a Las Palmas bayan sun yi kwana 11 a zaune kan matuƙin wata tankar mai da ta taso daga Legas. A 2020, lokacin da annobar korona ta wofintar da otal-otal, gwamnati ta sauke dubban irin waɗannan matafiya a ɗakunan da aka gina domin Turawa masu hutu.

Me ya sa ba a rufe ƙofa kawai ba?

Domin kimanin kashi 12 cikin 100 na arzikin ƙasar daga nan yake fitowa, kuma mutum kusan miliyan biyu da rabi ke cin abinci da shi. A 2020, da baƙi suka ragu zuwa kimanin miliyan 19, tattalin arzikin Sifaniya ya tsuke da kusan kashi 11 cikin 100. A ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matasa masu neman aiki ba su samu ba, babu ɗan siyasar da zai yi wasa da wannan tukunya.

Masu harkar kuma suna da hujjarsu: gidajen baƙi ƙaramin kaso ne na gidajen ƙasar, kuma ainihin ciwon shi ne an kusa daina gini tun bayan durƙushewar kasuwar gidaje a 2008. Babban bankin ƙasar ya ƙiyasta giɓin gidaje kimanin 600,000. Gidajen gwamnati masu rahusa ba su da yawa idan aka kwatanta da sauran ƙasashen Turai, kuma matashi kan kai shekara 30 kafin ya bar gidan iyayensa. Masu zanga-zangar suna amsawa da cewa ƙididdigar ƙasa baki ɗaya tana ɓoye gaskiya, domin gidajen baƙin sun taru ne a 'yan unguwanni ƙalilan na tsakiyar birane da bakin ruwa. Ƙungiyar mata masu gyaran ɗakunan otal, Las Kellys, ta daɗe tana ƙorafin yawan aiki da ƙarancin lada. Ga kuma batun ruwa: a Fabrairun 2024 Kataloniya ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda fari, aka taƙaita wa mazauna da manoma ruwa, mutane suna tambayar me ya sa otal-otal ba su ji a jikinsu kamar kowa ba.

Tsarin mulkin ƙasar shi ma yana rage wa kowane mataki ƙarfi. Sifaniya ta kasu yankuna 17 masu cin gashin kai, kuma harkar gidaje da ta yawon buɗe ido a hannunsu take. Gwamnatin Firaminista Pedro Sanchez ta yi dokar gidaje a 2023 mai ba da damar ƙayyade haya a inda ta yi tsanani. Kataloniya ta fara aiki da ita a Maris na 2024, yankunan da jam'iyyar adawa ta PP ke mulki kuwa, irin su Madrid da Andalus, suka ƙi. A Afrilun 2025 an soke bizar zama da ake bai wa baƙon da ya sayi gida na yuro 500,000, a watan Mayu kuma ma'aikatar kare masu sayen kaya ta umarci Airbnb ya cire tallan gidaje kimanin 65,000 da ta ce sun saɓa ƙa'ida.

Ga mai niyyar zuwa

Ɗan Birtaniya ba ya buƙatar biza domin hutu a Sifaniya. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana sai ya nemi bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 da shaidar masauki da ta abin hannu. Tana ba da damar zama na kwana 90 a cikin kwana 180. A 2023 da 2024, fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun 'yan Najeriya ƙasashen Schengen suka ƙi amincewa da su, kuma ba a mayar da kuɗin wanda aka hana.

Wanda ya samu, watannin Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba sun fi sauƙin zafi da cunkoso da farashi. A Agustan 2021 zafi ya haura digiri 47 a lardin Cordoba. Gaɓar arewa ta fi sanyi da sarari: akwai rairayin La Concha a San Sebastian, da tsibiran Cies na Galicia da sai an nemi izini kafin a shiga a lokacin bazarar Turai. A kowane bakin teku a lura da tuta, koriya a shiga, rawaya a yi hattara, ja kuma an hana. Naman alade yana cikin abincin ƙasar sosai, amma ana samun na halal cikin sauƙi a Granada, da unguwar Lavapies ta Madrid, da Raval ta Barcelona. A titin La Rambla da jiragen ƙarƙashin ƙasa a kula da 'yan sane. Wajen zaɓen masauki kuwa, otal ko gidan da ke nuna lambar lasisinsa ya fi aminci, kuma shi ne abu mafi sauƙi da baƙo zai yi don kada kwanansa ya zama sanadin korar wani daga gidansa.

Idon sauran biranen Turai masu fama da irin wannan matsala yana kan Barcelona. Kotun tsarin mulkin Sifaniya ta amince a Maris na 2025 da dokar Kataloniya da shirin soke lasisin ya dogara a kai, masu gidajen kuma suna neman diyya. Wa'adin Nuwamban 2028 ne, amma kafin nan akwai zaɓen ƙananan hukumomi a Mayun 2027, inda masu haya da masu gidaje da ma'aikatan otal za su yanke hukunci a kan wanda zai aiwatar da shirin ko ya jingine shi.